Telen da na saya da kuɗin adashe

Ni tela ne. A Garwa ta arewacin Kamaru aka haife ni, a unguwar Hausare, kuma nan nake zaune har gobe. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da fataucin goro da fata, da ya ga Binuwai ya ce ya iso, ya sauke kaya. Abin da zan ba da labarinsa ba komai ba ne a wurin masu hali. Tele ce na saya, irin mai faɗin nan da ake mannawa a bango, da na'urar faifai, a ƙarshen shekarar 2016. Amma wata biyar na yi ina juya maganar a raina kamar mai neman aure, kuma akwai dalili.

A 1985 talabijin ta fara aiki a Kamaru. A layinmu gida ɗaya ne yake da ita, gidan wani Alhaji mai motocin ɗaukar auduga. Ranar 8 ga Yuni 1990, ranar da Kamaru ta buga da Ajantina a Milan a gasar kofin duniya, ina da shekara 11. Mun fi mu ashirin a bakin tagar falonsa, ni na taka bulo biyu, abin da nake hange bai wuce kusurwar gilashin ba, sai ƙeyar manya. Ana cikin zagaye na biyu wani yaron gidan ya taso ya saki labule, ya ce mu tafi gidan ubanmu mu kalla. Ƙwallon da Omam-Biyik ya ci da ka, wadda duniya take zancenta har yau, da kunne na gan ta.

Na yi aure a 2006. Cikin kayan ɗakin da aka jera wa matata akwai ƙaramar tele mai ƙeya, inci 14, da na'urar bidiyon CD. Shekara goma ta yi mana, ba laifi. Daga baya ta soma rikicewa, fuskar kowa ta koma kore, sai an ɗan mare ta a gefe kafin ta dawo hayyacinta. Yara suka fara sulalewa gidan maƙwabta. Wani dare cikin azumin 2016 babban ɗana, lokacin shekararsa takwas, ya dawo da wuri, ya wuce ɗaki ya kwanta bai ce da kowa komai ba. Uwarsa ta kalle ni. Ban tambayi abin da aka ce masa ba, na sani.

Muna da adashe mu goma sha biyar, duk masu shagon ɗinki, kowa jaka goma duk Juma'a. Ga 'yan'uwanmu na Najeriya, jaka ɗaya sefa dubu ce. Kwasa ke nan jaka 150, kuma tawa ta faɗo a watan Nuwamba. Da na gaya wa uwargida abin da zan yi da ita, ba ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba.

"Malam, tele za mu ci? Ga kwanon ɗakin Inna yana yoyo."

Na ce kuɗin makarantar yara da kwano duk ɗinkin Babbar Sallah zai ɗauke su. Kuma ya ɗauke, har da ragowar jaka 30. Wannan ragowar ce ta ja mini.

Akwai shagunan kayan gwanjo na Turai da muke ce wa burokan, inda ake jibge firji da tukwane da keken yara. Wata ranar Oktoba na bi ta gaban ɗaya, na ga mutane sun yi cirko-cirko suna kallon wata ƙatuwar tele. Namun daji ake nunawa. Wallahi gashin wuyan zakin nan ana iya ƙirga shi ɗai-ɗai. Mai shagon ya nuna mini wata siririyar baƙar na'ura a ƙasa, ya ce ba telen ba ce, wannan ce ke aikin, sunanta Blu-ray, Turawa sun daina DVD tuntuni. Jaka 30. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi ciniki na kirki ba. Na rungumo ta a bayan moto, wato babur, ina jin na riga na gama rabin aikin.

Na iso gida, na juya bayanta zan sa wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari. Babu ramukansu. Rami ɗaya ne siriri mai kamar bakin kifi, an rubuta HDMI, sai na wayar intanet.

Washegari na kai ta wurin Baba Injiniya. Dattijo ne mai gyaran rediyo da tele a wajen kasuwar Yelwa, ya koyi aikin a Sabon Garin Kano tun zamanin kaset, shagonsa cike da gawarwakin tele har rufi. Ya haɗa ta da wata tele ta mutane da ke wurinsa, ya ce in ba shi faifan da na zo da shi. Na ba shi na bikin aurenmu. Ta haɗiye, ta yi gurnani, ta tofo shi. Muka sa na tafsiri, shi ma haka. DVD kam ta karɓa, amma rabin faya-fayan gidana bidiyon CD ne.

"Tela, faifan Blu-ray nawa gare ka?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To a wane shago za ka saya a garin nan?"

Na yi shiru. Ya cire tabarau ya ce in zauna, ya tura yaro ya karɓo mana shayi. Karatun da ya yi mini ranar nan ya fi kuɗin da na yi asara, shi ya sa nake son in faɗe shi yadda na gane shi.

Ya ce hoton tele saƙa ce, kamar yadi. Ɗigo-ɗigo ne aka jera a layi, na tsaye da na kwance. Bidiyon CD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. DVD na kirki 720 da 576. Abin da ake kira HD ya fara daga 1280 da 720, cikakkensa kuma, wanda ake rubuta wa 1080 a kwali, 1920 ne da 1080, sama da ɗigo miliyan biyu ke nan. Ni da nake taɓa shadda kullum nan take na gane: akwai mai zare a matse wadda ko ka ɗaga ta a rana ba ka ganin haske, akwai mai sakin zare da ake cika wa sitati don a rufe ido. Ya ce to mazubin ma haka. CD megabait 700 yake ɗauka, DVD gigabait 4.7, Blu-ray kuma 25. Sannan ya ɗauko irin faifan da ake tallansa a baro, mai fim goma a ciki, ya kaɗa shi a gaban hancina.

"Wannan mazubin fim ɗaya ne, aka danna masa goma. Kai tela ne. In na kawo maka yadi biyu na ce ka yi mini babbar riga, za ta yiwu?"

Na ce sai dai 'yar shara.

"To tele ba ta ƙara abin da babu. Abin da ka ba ta shi za ta shimfiɗa, kuma in ta fi girma ta fi tona asiri."

Ya nuna mini wata na'ura da ya ɗora butarsa a kai. Ya ce HD DVD ce, kishiyar Blu-ray, wani ɗan kasuwa ya taɓo ta daga Dubai da tsada, sai ga shi a Fabrairun 2008 Toshiba ta sanar ta bar yin ta. Tun da aka kawo masa ita ba a dawo ɗauka ba.

Na mayar wa mai burokan kayansa, ya ce shi ba ya karɓar abin da ya fita, sai dai ya saya. Jaka 18 ya ba ni. Na ce wa uwargida na'urar ce ba ta yi daidai da wutarmu ba. Ta ce to. Irin "to" ɗin nan.

Da na kwashi adashe ban sake yin gaban kaina ba. Amma ko da Baba Injiniya a gefena sai da zuciya ta so ta ja ni sau biyu.

Na farko wata filasma ce ta hannu, inci 42, jaka 95. A nan duk tele mai faɗi filasma muke ce mata, alhali iri-iri ne, kuma wannan ita ce filasmar ta ainihi, mai nauyi sai mutum biyu. Launinta kam ba a magana. Baba ya ce a bar ta a kunne mu je mu yi sallar La'asar. Da muka dawo ya kama hannuna ya ɗora a saman bayanta, kamar murhun da aka sauke wa tukunya. Ya ce in tuna watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura 40 kuma kwano yana ƙara nasa. Ya ce irin wannan tana shan wuta ninki huɗu ko biyar na ƙaramar tele irin ta LED, wadda ba ta wuce wat 50 ba, ga shi Panasonic da Samsung duk sun daina ƙera filasma tun 2014, in wani abu ya ƙone a ciki sai an yanka wata an gyara ta. Maganar wuta kuwa ba sai an gaya wa mutumin Garwa ba. Daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda 'yan Sin suka gama a 1982, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, rabo ake yi unguwa-unguwa. Tele mai ƙaramin ci ko ƙaramin janareto ya riƙe ta tare da fanka.

Na biyun ya fi ba ni kunya. A tsakiyar 2016 naira ta faɗi, kayan Najeriya suka yi arha a hannun mai sefa. Ta hanyar da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, yake shigowa daga wajen Yola da Mubi, ta nan kwalaye suke biyowa. A wani shago na babbar kasuwa aka buɗe mana sabuwa dal, inci 40, da sunan wani babban kamfanin Koriya a goshinta, kwalin ya sha rubutun 1080, jaka 85 kacal. Har na fara lissafin abin da zan yi da canji. Baba ya sa farce a gefen harafin farko na sunan, sai ga shi yana ɗagowa. Ya sa ɗansa ya nemi lambar da ke bayanta a intanet ta waya, babu mai irin lambar a duniya. Da aka tambayi takardar garanti, mai shagon ya ce garantinsa Allah. Ni da na san yadda ake buga hatimin zinariya a bakin shaddar banza a sayar wa baƙo a matsayin gezna, ni ne aka kusa yi wa irin ta.

Abin da ya raba gardamar girma kuwa tef ɗin awona ne. Baba ya ce in auno daga inda nake zama zuwa bango. Mita uku ba kaɗan. Shi inci da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, inci 32 santimita 81 ke nan. A wani shago akwai guda biyu jere masu inci 32, ɗaya cikakkiyar 1080, ɗaya ƙaramar HD mai ɗigo 1366 da 768, tsakaninsu jaka talatin da wani abu. Da na matsa kusa kamar mai zura zare a allura, na ga bambanci. Da ya ja ni baya taku huɗu ya ce in nuna mai tsadar, sai na nuna ɗayar.

Ita na saya, ƙaramar. Ta wani kamfanin Sin ce da ya sa sunansa na kansa bai ari na kowa ba, kuma ni wannan kaɗai ya sa na ji ta kwanta mini. Daga jaka 120 muka sauko da ita 98, bayan na fita daga shagon sau biyu. Kafin in ƙirga kuɗi Baba ya zaro filashi daga aljihu, a ciki ba komai sai hoto fari fat, da baƙi ƙirin, da ja, da kore. Ya sa su ɗaya bayan ɗaya yana bin gilashin da ido, yana neman ɗigon da ya mutu. Ya juya bayanta ya ƙirga: HDMI biyu, ramin filashi ɗaya, da ramukan rawaya da ja da fari don tsofaffin kaya. Ya sa aka rubuta mana rasit da lambar telen a jiki, da garantin wata shida, aka buga hatimi.

Na'urar faifai kuwa DVD ce ta jaka 16, mai HDMI da ramin filashi, kuma ban biya ba sai da ta karanta faifan bikinmu a gabana. Wayar HDMI mai shagon ya so ya sayar mini da ta jaka 7, wai bakinta ruwan zinariya ne. Baba ya ce a gajeren zango irin wannan ko dai waya ta kawo hoto ko ta ƙi, ta jaka 2 muka ɗauka, ita ce har yau. Ƙarfen bango jaka 5. Sai regilato, wanda 'yan Najeriya ke ce wa sitabilaiza, jaka 17. A kansa ne kawai na yi gardama, don a ganina akwatin banza ne da ba ya nuna komai. Baba ya nuna mini da baki wajen shagonsa, ya ce duk gawarwakin can da na gani, mafi yawansu ba tsufa ne ya kashe su ba, dawowar wuta ce. Ya ce in kuɗin ba su isa ba in rage girman tele, kada in rage wannan.

Jaka 12 suka rage. Na biya moto, na sayo turmin atamfa na CICAM, masaƙar Kamaru, na kai wa uwargida. Ta juya shi ta ce, "Wannan na asarar waccan na'urar ne ko na wannan?"

Daren farko gwiwata ta yi sanyi. Muka haɗa tsohuwar dikodar tauraron ɗan'adam da wayar rawaya, sai ga mai karanta labarai ya yi faɗi kamar an zauna masa a kai, gefen fuskarsa yana rawa. Finafinan Kano na baro kuwa, in aka yi rawa ko mota ta gifta, hoton sai ya farfashe ya zama tubali-tubali. A tsohuwar ban taɓa lura ba. Sai da ɗan Baba ya zo ya nuna mini inda ake mayar da hoto 4:3, ya tsaya a tsakiya da baƙi a gefe da gefe, sannan mutane suka dawo da siffarsu. Yara suka ce an rage musu tele. DVD na asali ta HDMI ya fito fes, ba laifi ko kaɗan.

HD ta gaskiya ban gan ta a gidana ba sai bayan mako biyu, kuma ba daga faifai ba. Ƙanena ne ya zo da bidiyon hawan Sallah da ya ɗauka da wayarsa a ƙofar Lamiɗo, ya juye a filashi. Dawaki suka taso, ƙura ta tashi, ana ganin kumfar bakin doki da jan zaren da ke jikin linzami. Wani mahayi ya juyo, rigarsa ta buɗe a iska. Na ce a tsayar. Na matsa kusa. Aska takwas ce, da zare ruwan ƙasa a kan farar shadda, kuma a ƙasan aljihun akwai wurin da na ɗan karkace na gyara da dabara, wanda ban zaci wani ido zai taɓa gani ba. Ɗinkina ne. Na daɗe a tsaye, har ƙanen nawa ya ce Yaya ko lafiya.

Ranar 5 ga Fabrairu 2017 aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Libreville, mu da Masar. Ɗakina mai cin mutum takwas ya ci fiye da talatin, wasu a taga. Wuta ta yi ƙasa tun magariba, regilato sai ƙas-ƙas yake yi, ƙwan ɗaki ya koma ja, amma tele ba ta ƙifta ba. Elneny na Masar ya fara ci, ɗaki ya yi tsit. Nkoulou ya farke da ka. A minti na 88 Vincent Aboubakar, ɗan garin nan da muka sani tun yana ƙungiyar Coton Sport ta Garwa, ya tare ta da ƙirji, ya ɗaga ta ta kan mai tsaron baya, ya ɗirka wa golan Masar El-Hadary ita. Kofi na biyar. Wani ya taka mini farantin tuwo, wani ya faɗa kan keken ɗinkin uwargida. Hoton da muka kalla ranar ba HD ba ne, ta wayar rawaya ya zo, kuma babu wanda ya tambaya.

Zan faɗi gaskiya a nan. Bayan wata guda yaran layi suna cika mini ɗaki tun daga La'asar, an fasa murfin rimot, an shafa wa gilashi yatsun miya, ɗana kuma ya soma zaɓen wanda zai shigo da wanda zai tsaya waje, na ɗan yi wa yaron gidan Alhaji uzuri. Kalmarsa dai ban yafe ba. Na kafa doka: ranar ƙwallo ƙofa a buɗe, sauran ranaku kowa ya tafi ya yi karatu, har da nawa. Da damina ta zo, wani dare aka maido da wuta da ƙarfi, tele biyu suka ƙone a layinmu, da firjin mai ƙanƙara. Tawa tana nan.

Saura Inna. Mahaifina ya rasu a 2011, kuma bidiyonsa ɗaya ne a duniya: wurin ɗaurin aurena, inda ya karɓa mini aure, ya ɗaga hannu yana shafa fatiha, ya juya ya yi wa wani dariya. Bai kai minti uku ba. Wata Juma'a Inna ta shigo ta zauna a tabarma ta ce in sa mata Malam a sabuwar, ta gan shi da girma. Na sa. Fuskarsa ta cika gilashi, amma ba fuska ba ce, dabbare-dabbare ne, idanun sun narke cikin inuwar hula, gemun ya haɗe da wuyan riga. Ɗigo 352 aka shimfiɗa a wurin dubu da wani abu. Na rage girman hoton, na ja mata tabarma baya, na rage haske. Ta dai kalla har ƙarshe.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce. "A waccan ya fi fita."

Waccan tana ƙarƙashin gado, na riga na yi wa mai gwangwan alkawarinta. Da safe na ɗaure ta a bayan moto na kai wa Baba Injiniya. Ya buɗe, ya hure ƙurar shekara goma, ya bi wasu wurare da dalma, koren ya tafi. Jaka 4 ya ce, da na ba shi labarin ya karɓi biyu. Na sa ɗansa ya juye faifan a filashi biyu, ɗaya a shago cikin akwatin zare, ɗaya a wurin ƙanena, don bayan faifan ya soma zanewa. Tsohuwar tele da tsohuwar na'urarta yanzu suna ɗakin Inna a kan akwatinta, ta lulluɓe su da ɗankwali. Ta koyi maɓalli biyu, na kunnawa da na mayarwa baya.